Tsere da Rana a Kan Gran Paradiso

Masu hawan manyan tsaunukan Alps da allunan zamiya, wato dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa a zame da su kan dusar ƙanƙara, ba su cika yin haka a tsakiyar hunturu ba. Suna jira sai ƙarshen Maris zuwa Mayu. A lokacin yini ya ƙara tsawo, dusar ƙanƙarar da ta yi watanni tana zuba ta zauna ta danne kanta, ramukan da ke cikin kogunan ƙanƙara, wato daskararriyar ƙanƙarar da ke kwance a jikin dutse, sun sami gadar dusa mai kauri a kansu, masaukan da ke can sama kuma sun buɗe ƙofa. Ni a tsakiyar Afrilu na je, kuma dutsen da na nufa shi ne Gran Paradiso, mai tsayin mita 4,061, a arewa maso yammacin Italiya. Shi ne mafi tsayi cikin duwatsun da gaba ɗayansu ke cikin ƙasar Italiya. Mont Blanc da Monte Rosa sun fi shi, amma su a kan iyaka suke, ɗaya da Faransa, ɗaya da Suwizalan. Ana yawan cewa yana cikin mafiya sauƙi a jerin duwatsun da suka haura mita 4,000. Gaskiya ce, amma gaskiya ce mai sa mutum sakin jiki.

Na daɗe ina zamiya a filayen shaƙatawa, inda kujerar waya ke ɗaga mutum zuwa sama, inji kuma ya kwana yana daidaita hanya. Wancan wasa ne dabam. A nan babu abin da zai ɗaga ka sai cinyoyinka, babu kuma wanda ya riga ka duba ko gangaren da ke kanka zai tsaya ko zai zaftaro. Shi ya sa na ɗauki jagora mai lasisi, ɗan yankin Aosta, dattijo mai ƙarancin magana. Mu uku ya haɗa: ni, da wata mata Bajamusa, da wani matashi daga Turin wanda ya fi mu ƙarfi nesa ba kusa ba.

A filin ajiye motoci na Pont, inda kwalta ta ƙare a kwarin Valsavarenche a tsayin mita 1,960, ya sa kowa ya zazzage jakarsa a ƙasa. Duk abin da ya ga bai da amfani sai ya ɗaga shi da yatsu biyu ya dubi mai shi, ba ya cewa komai, sai mutum ya karɓa ya mayar mota da kansa.

Allunan hawan dutse sun fi na filin wasa rashin nauyi, amma babban bambancin yana wurin maƙalin takalmi. Wasu ƙananan ƙusoshi biyu ne ke cafke hancin takalmin gefe da gefe, dunduniya kuwa a sake take, tana ɗagawa tana sauka yadda ta saba a tafiyar ƙasa. Sai an zo sauka ake juya ƙarfen baya a kulle ta. Wani ɗan Ostiriya mai suna Fritz Barthel ne ya ƙirƙiro wannan dabara a shekarun 1980, kamfanin Dynafit ya fitar da ita kasuwa, yau kuma ita ce a ƙafar kusan kowa. Abin da ke hana allon sulalewa baya shi ne fata. Dogon ƙyalle ne mai gashi, faɗinsa daidai da na allon, bayansa da gam, ana manna shi daga hanci zuwa wutsiya. Gashin duk gefe ɗaya ya kwanta. In ka tura ƙafa gaba sai ya lafe ya bar ka ka wuce, in nauyinka ya nemi jan ka baya sai ya miƙe ya ciji dusar. A da daga jikin wata dabbar tekun yankunan sanyi ake yanko ta. Yanzu gashin akuyar Angora ne, ko nailan, ko haɗin biyun.

Abubuwa uku ne bai ɗaga da yatsu biyu ba: na'urar nema, sandar caka, da shebur. Na'urar ba ta wuce girman wayar hannu ba. Ana ɗaura ta a jiki ƙarƙashin rigar sanyi, ba a jaka ba, domin zaftarewar ƙanƙara tana iya raba mutum da jakarsa. Kowace irinta a duniya tana aika sigina a zango ɗaya, kilohaz 457, ta yadda in dusa ta binne mutum, sauran za su juya nasu daga aikawa zuwa nema su bi kibiya har kansa. Waya kuma a nesa da ita ake ajiyewa, a wani aljihun dabam, saboda tana dagula siginar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mu ɗaga ƙafa ya kai mu wani fili a bakin kogin Savara, ya ce mu juya baya, ya binne jaka da na'ura a ciki, ya duba agogo ya ce mu fara. Neman kansa bai yi wuya ba. Lambar da ke fuskar na'urar tana raguwa, 30, 18, 7, ƙarar tana ƙara sauri, in ta sauko ƙasa da 3 sai ka durƙusa kana jan ta a kan dusar gaba da baya, hagu da dama, har ka sami mafi ƙanƙantar lamba. Daga nan sai caka: a warware sandar, a riƙa soka ta ana zagayawa, tazarar ɗani guda tsakanin suka da suka, har a ji ta taɓa abu mai laushi. A bar ta a tsaye a wurin. Haƙan ne ya ba mu kashi. Ba a haƙa daga sama, domin za ka tsaya a kan mutumin ka toshe ɗan wurin numfashin da ya rage masa. Daga ƙasan gangare ake farawa, ana yanka dusar gunduwa-gunduwa ana turawa baya, na gaba yana sauya hannu da na bayansa. Minti biyu kacal na yi a gaba na ji hannuwana sun mutu. Wannan ma dusar fili ce. Wadda zaftarewa ta tara, in ta tsaya, daskarewa take yi nan take.

Da muka ciro jakar ya nuna mana agogon. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, galibi ana samunsa da rai, kusan tara cikin goma. Bayan minti 35 kuwa kusan ɗaya cikin uku ne ke saura. Lambar neman agaji 112 ce, kuma jirgi mai saukar ungulu zai zo in yanayi ya bari, amma kafin ya tashi ya iso, wannan ɗan lokacin ya ƙare. "Ba jirgi ne zai tono ka ba," in ji shi, yana nuna Bajamusar da matashin. "Waɗannan ne."

Hawan farko da alluna a baya muka yi shi, a ɗaure a jikin jaka, domin a ƙasan daji dusar ta fara yagewa, nan fari nan laka. Hanyar tsohuwa ce, an jera ta da duwatsu, tana lanƙwasa tana komowa a hankali yadda alfadari zai iya bi da kaya. Ba don masu hawan dutse aka yi ta ba. A 1856 Sarki Vittorio Emanuele na II ya mayar da wannan yanki gandun farautarsa, ya sa aka shimfiɗa hanyoyi, ya zuba masu gadi. Abin da yake farauta shi ne akuyar dutse mai manyan ƙahoni, wadda a farkon ƙarni na 19 ta kusa ƙarewa a duk tsaunukan Alps, saura kamar ɗari a nan kewayen. Son kai na sarki ne ya tsirar da ita: ya hana kowa harbi sai shi. A 1922 wurin ya zama gandun ƙasa na farko a Italiya, kuma akuyoyin dutsen da ke yawo a Alps yau daga wannan ɗan garken suka samo asali. Mun ga wasu huɗu a gefen hanya sun sauko neman sabuwar ciyawa. Babban cikinsu ya ɗaga kai ya dube mu, bai ga abin damuwa ba, ya ci gaba da kiwonsa.

Inda itatuwa suka ƙare muka manna fatu. Wanda ya saba da tafiyar ƙasa, ɗaga allon yake so ya yi a kowane taku, kuma cikin rabin awa zai gaji liƙis. Ja ake yi, ba ɗagawa ba. A bar allon a kan dusar, a tura shi da hancin ƙafa, a tsaya a kan dunduniya. In gangare ya yi tsanani, jiki yana so ya sunkuya gaba, nan ne kuma fatar ke saki mutum ya sulale. Dole ka miƙe, ka dubi sama, ka danna dunduniya ƙasa, duk da zuciyarka tana gaya maka akasin haka.

Masaukin Vittorio Emanuele na II yana mita 2,732, kusa da wani ɗan tafki da ke daskare a lokacin, yana fuskantar dutsen Ciarforon mai zagayayyen kai. Gini ne dogo mai rufin ƙarfe da ya lanƙwaso ta gefe biyu, mallakar ƙungiyar masu hawan dutse ta Italiya, wadda aka kafa a Turin a 1863. Ƙa'idojinsa irin na kowane masauki ne a Alps. Takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa, a ɗauki silifas daga kanta. Gadaje a jere suke, wani kan wani, kowa da zanen kwanansa. Abincin dare lokaci ɗaya ake ba kowa, miyar ganye da taliya da abin da ya biyo baya, a dogayen tebura, kana zaune kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ka taɓa gani ba. Ko'ina fatu ne a rataye suna shan iska, ɗakin kuma yana warin jiƙaƙƙiyar safa.

Washegari ba mu tunkari babban dutsen ba. Mun hau maƙwabcinsa, Tresenta, mai mita 3,609, muka dawo muka sake kwana, don jiki ya saba. A mita 4,000 iskar da mutum ke shaƙa a numfashi ɗaya ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 na wadda yake samu a bakin teku ba, kuma jini yana buƙatar lokaci kafin ya daidaita. Matashin ya ga wannan ɓata lokaci ne, bai kuma ɓoye ba.

Da yammar nan ne na fahimci ainihin aikin da na biya jagora ya yi. Bayan cin abinci ya buɗe sanarwar zaftarewar ƙanƙara ta yankin a wayarsa. Ƙasashen Turai sun daidaita ma'auni ɗaya tun 1993, daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne mafi yawan waɗanda ke mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, domin a 4 da 5 kowa yana zaune a gida. A wannan lokaci na shekara sanarwar kan zo da fuska biyu, ta safe da ta rana. Tamu ta ce 1 da safe, 3 bayan hantsi. Dutse ɗaya, gangare ɗaya, amma tsakanin ƙarfe tara da ƙarfe biyu ya zama wani wuri dabam.

Dalilin yana cikin abin da ke faruwa da dusar a kowace rana. Rana ta narkar da samanta, ruwa ya tsiyaya ciki. In dare ya yi kuma sama ta washe, zafin da ke jikin dusar sai ya tsere sama, ta daskare ta yi ɓawo mai kauri wanda zai ɗauki mutum da kayansa daram. Wannan ɓawon ne ke riƙe gangaren, shi ne kuma ke ƙarfafa gadojin da ke kan ramuka. Da safe rana ta fara cin sa daga sama. Akwai ɗan lokaci, awa ɗaya ko biyu, da samansa ya yi laushi kamar kaurin yatsa, ƙasansa kuma yana nan da ƙarfi. Domin wannan ɗan lokacin ake yin duk wahalar. In ya wuce, ruwa ya ratsa ɓawon gaba ɗaya, babu sauran abin da ke haɗa ƙwayoyin dusar, sai gangare ya fara sakin kansa, musamman wanda tsananinsa ya kai digiri 30 zuwa 45. In kuwa gajimare ya rufe sama da dare, zafin ba ya samun hanyar fita, dusar ta kwana a jiƙe, ka tashi da asuba ka tarar ranar ta lalace tun kafin ta fara. Gangaren da ke kallon gabas shi ke fara laushi, sai na kudu, sai na yamma. Hanyarmu yamma ta fi kallo, saboda haka muna da ɗan sarari fiye da masu hawan wasu duwatsun, waɗanda ke fita tun tsakar dare.

Wajen ƙarfe tara jagoran ya fita waje ba riga mai kauri, na bi shi. Ya ɗaga kai ya dubi taurari, sun cika sama fal. Ya taka dusar da ke bakin ƙofa da silifas, ta yi ƙaras.

"Gobe ƙarfe nawa za mu kai sama?" na tambaye shi.

"Ban sani ba. Abin da na sani, ƙarfe sha ɗaya za mu juyo, ko muna ina."

Barci a irin wannan tsayi rabi da rabi ne. Da biyar saura ɗakin ya cika da ƙarar zif da hasken fitilun goshi. Shayi, burodi, kowa na tauna ba don yana jin yunwa ba. A waje jagoran ya tsaya nesa kaɗan da na'urarsa a kan nema, muka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar ta kowa tana aikawa. Ba a tsallake wannan ko sau ɗaya.

Daren ya yi aikinsa har ya so ya wuce gona da iri. Dusar ta daskare ƙam, sawun masu saukar jiya ya sandare ya zama kunya-kunya, fatu ba su samun abin cizo. A bakin kwazazzabon farko ya ce mu sa wuƙaƙe. Wani ƙarfe ne mai haƙora da ake zurawa a ƙarƙashin takalmi, duk lokacin da ka taka sai haƙoran su nutse a gefen allon su riƙe. Tun kafin a shiga wurin tsanani ake sa su, domin a tsakiyar gangare mai santsi ba wurin sunkuyawa.

A nan ne kuma aka zo ga juyi, wanda shi ne abin da ke bambance gwani da ɗan koyo. Ba a hawa gangare miƙe, ana yanka shi ne a karkace, in an kai gefe a juyo. A wuri mai tsanani juyin sai an yi shi a tsaye. Ka tsaya da allunan a kwance a gicciye, ka kafa sanduna, ka ɗaga ƙafar sama ka juya ta gaba ɗaya har allunan biyu su kalli mabambantan wurare, ƙafafunka a tale. Sai ka mayar da nauyinka duka kan wadda ka juya. Daga nan ka ɗaga ta ƙasan, ka ɗan harba dunduniya don hancin allon ya taso, ka zagayo da shi kusa da gwiwa ka ajiye. A fili abin wasa ne. A cikin duhu, kan ƙanƙara mai sheƙi, da fitilun mutane can ƙasa ƙarƙashin ƙafarka, daƙiƙar nan da nauyinka ke tsakanin ƙafa biyu tana da tsawo. Jagoran yakan tsaya a ƙasan kowane juyi, ya kafa sandarsa a gefen allon Bajamusar, ba ya cewa uffan.

Gari ya waye muna cikin inuwa. Ƙololuwar Mont Blanc can arewa maso yamma ta kama ja, mu kuwa sanyi na cin yatsunmu, domin dutsen da muke hawa shi ne ya tare mana rana. Tafiyar jagoran ta ba ni haushi da farko don rashin saurinta, kusan mita 300 na tsayi a awa, taku ɗaya numfashi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Wasu 'yan tsere sanye da matsattsun kaya suka wuce mu fiu, da alluna sirara da jakar da ba ta kai ta ɗan makaranta ba. Wasan nasu ya samu shiga gasar Olamfik ta hunturu ta 2026, kuma ganinsu kaɗai ya isa ya sa mutum ya raina kansa. Matashin ya so ya bi su. Wajen mita 3,500 ya daina magana, ya fara tsayawa yana jingina da sanduna, fuskarsa ta yi fari, ya ce kansa na sarawa. Jagoran ya ba shi ruwa da ɗan abin zaƙi, ya tambaye shi ko yana jin amai ko jiri, ya ce a'a. Ya mayar da shi bayansa kai tsaye, ya ce ya taka inda ya taka. Ƙarfi ba ya sayen sabo da tsayi, sau da yawa ma masu ƙarfin ne ke fara jigata, don suna da abin ƙonawa da wuri.

A kan wani dogon tudu da ake kira Schiena d'Asino hanyarmu ta haɗu da ta masu tasowa daga masaukin Chabod ta kogin ƙanƙara na Laveciau, wanda ya fi namu ramuka. Iska ta tsananta, mutane suka yawaita. Tun daga masauki muke sanye da ɗamarar igiya a ƙugu, a nan jagoran ya ɗaure mu, tazara mai yawa tsakanin mutum da mutum, igiyar ba ta ja ba ta kuma kwanta. Ramin da ake gani ba shi ne abin tsoro ba. A wani wuri ya nuna mana da sanda wani ɗan lotsawa a dusar, layi mai tsawo da ba za ka lura da shi ba sai an nuna maka. Muka tsallaka shi a gicciye, ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarƙashin duwatsun ƙarshe kowa ke cire alluna ya kafa su a dusa, ya ɗaura ƙarafa masu tsini a takalmi. Agogo ya ce goma da kwata. Abin da ya rage bai fi tafiyar minti goma ba in babu kowa, amma akwai kowa. A saman akwai farin mutum-mutumin Maryamu, 'yan mitoci ƙasa da ainihin ƙololuwar, kuma nan ne kusan kowa ke tsayawa. Kafin a kai gare shi sai an bi wani siririn dandamali a jikin dutse, faɗinsa bai fi takalmi ɗaya da rabi ba, bangon dutse a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma babu komai sai iska har zuwa kogin ƙanƙara na Tribolazione, ɗaruruwan mitoci a ƙasa. Akwai ƙarafa a kafe da ake maƙala igiya. Masu zuwa da masu dawowa a wuri ɗaya suke gamuwa, igiyoyi na sarƙewa, ana magana da harsuna huɗu, wani kuma ya tsaya ɗaukar hoto sai ka ce shi kaɗai ne. 'Yan Birtaniya biyu, Cowell da Dundas, da jagororinsu Payot da Tairraz, waɗanda suka fara hawa nan a ranar 4 ga Satumba 1860, ba su sha wannan layin ba.

Bajamusar ta leƙa dandamalin, ta dubi layin, ta ce ita nan ta tsaya. Jagoran ya maƙala ta a wani ƙarfe a wurin da iska ba ta bugu, bai lallashe ta ba, kuma na ga ƙimarsa a nan. A ganina ba ta rasa wani abin kirki ba. Daga inda take zaune tana ganin abin da muka gani: Matterhorn da Monte Rosa a arewa maso gabas, Monviso shi kaɗai can kudu, da hazon da ya lulluɓe filayen kogin Po. Mu biyu muka bi shi. Ban dubi ƙasa ba sai sau ɗaya, a tsakiya, inda dutsen ya ɗan turo ciki dole ka rungume shi ka zagaya, kuma na ji cikina ya juya. Muka taɓa mutum-mutumin, muka juyo. Sha ɗaya saura biyar muna wurin alluna.

Sauya shiri daga hawa zuwa sauka yana da tsari, kuma a cikin iska ake gane amfaninsa. A ɓare fata a ninke ta gam da gam, a cusa cikin riga don ta ji ɗumi ko za a sake buƙatarta. A kankare ƙanƙarar da ta cushe ramukan hancin takalmi, domin in ƙusoshin ba su zauna sosai ba allon zai fita a juyin farko. A kulle takalmi, a kulle dunduniya, a ja zif, a sa tabarau. Ba a ajiye safar hannu a ƙasa, ba a kuma sakin allo a kwance, in ya tafi ya tafi ke nan.

Dusa iri uku muka tarar a saukar. Ta sama iska ta daka ta, ta yi tauri da tudu-tudu, allunan na karkarwa har cikin haƙora, ga ƙafafu sun riga sun gaji. Nan ba a neman kyau, a dai sauka lafiya. Ƙasa kaɗan muka shiga mafi muni, ɓawon da bai kai ya ɗauki mutum ba: ka yi taku biyu a sama, na uku ya fashe ya riƙe allon, jikinka ya wuce gaba. Matashin ya faɗi a nan, ya tashi fari fat yana dariya, alamar kansa ya sake shi.

Wajen mita 3,400 jagoran ya tsaya, ya soka sanda, ya murza dusar a tafin hannu. Ya dubi rana, ya ce mu ɗan jira. Mutumin da tun asuba yake kora mu da agogo, yanzu shi ke cewa a zauna. Muka zauna kan jakunkuna kamar minti goma sha biyar muna shan ruwa. Ya sake sokawa, ya gyaɗa kai, ya tafi.

Ban taɓa zamiya a kan abu irin wannan ba. Kamar sabulun da ya kwana cikin ruwa ne, samansa laushi, cikinsa tauri. Gefen allon yana shiga daidai yadda ka so, ba ya zamewa, ba ya nutsewa, kowane juyi yana fitar da wani sauti shuu, ƙwayoyin ƙanƙara masu girman tsakuwa suna gangarawa a bayanka. Ba ka buƙatar ƙarfi. Ka karkata kawai, allunan su zagayo da kansu. Gangaren faɗi gare shi, babu kowa a gabanmu, kowa ya ja nasa layin. Abin da muka yi awa biyar muna hawa, wannan yankin nasa bai ɗauke mu minti ashirin ba, kuma in aka ce in zaɓa tsakaninsa da taɓa mutum-mutumin can sama, ba sai na yi tunani ba.

Kusa da masauki ta fara nauyi, tana kama alluna tana ja. A nan muka gamu da wasu mutum biyar suna hawa, rana tsaka, riguna a ɗaure a ƙugu, dusa ta manne a fatunsu guda-guda. Jagoran ya tsaya ya yi magana da na gabansu cikin harshensu, a hankali, yana nuna gangaren da ke samansu inda wasu dunƙulallun dusa suka fara gangarowa da kansu suna barin sawu. Ya sauka daga kan allo ɗaya ya taka, ƙafarsa ta nutse har gwiwa. Mutumin ya ɗaga kafaɗa. Ban san abin da suka yanke ba, mun bar su a tsaye suna gardama.

Na sa rai za mu zauna a barandar masaukin mu miƙe ƙafa, amma ko jaka jagoran bai bari mun sauke ba sai don ɗaukar kayan da muka bari. Hanyar Pont tana bi ta ƙarƙashin wasu gangarori da rana ke duka tun safe. Muka sauka cikin dusa mai caɓi, ɗaya bayan ɗaya a wuraren da ya nuna, ba tsayawa sai inda ya tsaya. Da dusar ta ƙare muka saɓa alluna muka bi hanyar sarki da ƙafa, takalma na ƙwal-ƙwal a kan duwatsu. Muna cikin daji muka ji wata ƙara mai tsawo daga ɗaya gefen kwarin. Wani kwazazzabo ne ya saki, dusar ba fara ba, ruwan ƙasa, haɗe da laka da duwatsu, tana gangarowa a hankali da nauyi har ta tsaya a gindin dutsen ta yi tsibi. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna.

A filin motoci muka shanya fatu a kan ƙofofin mota, kowa ya kashe na'urarsa bayan jagoran ya ce a kashe. Wani siririn gajimare ya fara shigowa daga kudu. Jagoran yana da wasu baƙi da za su hau da shi a daren, sai ya koma gefe ya kira su. Na ji yana gaya musu cewa sama za ta rufe da dare, dusar ba za ta daskare ba, su bari sai jibi a sake dubawa. Daga yadda ya riƙa nisanta wayar daga kunnensa, na gane wanda ke ɗaya gefen ya riga ya biya kuɗin masauki.